Yadda ake koyarwa da waya guda a ajin da babu rezo, babu kuran

Ranar da na fara shiga aji da majigi, aro na yi. Kolej ɗinmu yana bayan garin Tawa, kuma ajin da aka ba ni a shekarar na zana ne. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe rana ta huda zana ta ko'ina, na haska hoton a kan baƙin tablo, babu abin da ya fito sai wani hazo-hazo. Yara fiye da tamanin sun hau benci suna leƙe. Na aika gidan mai gadi aka aro mini farin zanen gado, muka rataye da ƙusa biyu. Hoto yana fitowa, sai ga saƙon uwargida ya faɗo a saman zanen da manyan baƙaƙe: "In za ka taho, a sayo tattasai." Aji ya karanta da murya ɗaya. Har yau wasu tsofaffin ɗalibaina in sun gan ni a kasuwa, Mushe Tattasai suke ce mini.

Kusan duk abin da ke cikin wannan bayani daga kurakuran wannan yini ya fito. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙi, amma da malamai mata ma nake.

Fara da darasi, kada ka fara da na'ura

Ɗauko tsarin karatun wata uku ka bi shi da biro. Sa alama a kan darussan da ka san duk shekara kana shan wuya wajen zana su da alli: yadda jini ke zagaya jiki, husufin wata, tafiyar lantarki cikin waya, aman wutar dutse, teku ga yaron da ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne tafkin Tabalak. Waɗannan ne wurin waya. Jadawalin ninki da rubutun hannu da nahawu ba sa bukatarta, alli da ardwaz sun ishe su. In ka samu darussa biyar ko shida a wata uku, sun isa.

Ina nanata wannan ne saboda an riga an gwada ɗayar hanyar a wata ƙasa. Peru ta raba wa ƴan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, kowane yaro da tasa. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafi da karatu ba su ƙaru ba. Mu da ba mu da kuɗin yin irin wannan kuskure, gara mu koya daga na wani.

Kafin ka shiga aji da komai, ka je wurin darakta. Wannan ba ladabi kawai ba ne. Malamin da aka hango yana latsa waya a aji, hira ake zaton yana yi. Ni abin da na faɗa shi ne: "Ranka ya daɗe, ranar Talata ina so in nuna wa yara gwajin lantarki a waya, minti goma ne. In akwai sarari a leƙo." Ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa har aka tashi. Shi ne daga baya ya kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta, lokacin da aka zo batun sayen batir.

Gyara wayar

Waya mai Android da kake riƙewa ta isa. Sayi katin memori na giga 32 ko 64, kuma ka gwada shi a gaban mai shago: a zuba masa manyan bidiyo, a cire, a mayar, a buɗe su ɗaya-ɗaya. Akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai takwas ba, sai ka cika shi ka tarar rabin kayan sun lalace. Buɗe jaka guda a katin ka sa mata suna "Lakkol", a ciki kowane aji da tasa jakar, kowane darasi da lambarsa a gaba, 01, 02, 03, don su jeru da kansu. Hotunan iyali da na biki kada su kwana wuri ɗaya da kayan aji. Kuma kafin ka taka ƙofar aji, danna alamar jirgi a wayar, wadda ke tsayar da kira da saƙo. Ka dai ji labarin tattasai.

Tara kaya tun kana da rezo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da na ɗora wa kaina ita ce, abin da ba ya cikin katin tun daren jiya, ba ya cikin darasin yau. Ko Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025 bai kai yawancin azuzuwanmu ba, kuma ko ya kai, bidiyon da ke tsayawa yana juyi a gaban yara tamanin ya kashe darasi.

Manhaja ta farko da za ka sauke ita ce Kiwix. Kyauta ce, an fara ta a 2007, aikinta ɗaya: ta ɗauke shafin intanet sukutum ta dunƙule shi cikin fayil guda, ka riƙa buɗewa ba tare da rezo ba. In ka buɗe ta za ka ga ɗakin littattafanta. Zaɓi harshen Faransanci ka nemi Vikidia, kundin sani ne da aka rubuta don yara, jimlolinsa gajeru. Sai ka koma Hausa ka sauke Wikipedia ta Hausa. Dubi nauyin kowane fayil kafin ka danna, don Wikipedia ta Turancin Ingilishi mai hotuna ta kai wajen giga ɗari. Yawancin kundayen suna da iri mai hoto da marar hoto, wasu kuma an ware su fanni-fanni, kamar lissafi kaɗai ko likitanci kaɗai. Ɗauki fanninka.

Na biyu shi ne PhET. Gwaje-gwajen kimiyya da lissafi ne na kwaikwayo da Jami'ar Kolorado ta Amurka ke fitarwa. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 2001, shi ya kafa shirin a 2002. An fassara su da Faransanci, ana sauke su ɗaya-ɗaya daga shafinsu, kuma suna cikin ɗakin littattafan Kiwix. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ban san abin da ya fi su amfani ba. Malamin lissafi ya ƙara da GeoGebra. Mai koyar da labarin ƙasa ya sa Stellarium, ya saita ta a kan Tawa, zai iya nuna wa yara inda jinjirin wata zai tsaya a yammacin da ake duban sa.

Malaman firamare kuwa su nemi African Storybook da StoryWeaver da Bloom. Duka suna da ƙananan littattafan labari masu hoto, har da na Hausa. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, bukatar irin waɗannan ƙaruwa za ta yi. Sai dai ka karanta kowanne tukuna. Wasu da Hausar Kano aka rubuta su, yaron Adar zai ci karo da kalmomin da ba haka ake faɗar su a gidansu ba. Ba laifi ba ne, amma ka shirya amsar.

Bidiyo kada ya wuce minti uku zuwa huɗu. In a waya za a kalla, ƙaramin inganci na 360 ya isa. In majigi ne, 480 ko 720. Yi saukewar da dare in layinka yana da forfe na dare, ko ka je inda ake da wifi. Kuma kada malamai goma su sayi forfe goma don fayil ɗaya. Ranar taron CAPED, wato haɗuwar malaman firamare na yanki, ko taron malaman fanni a kolej, mutum ɗaya ya zo da kayan, sauran su kwasa ta Xender ko Quick Share, waɗanda ba sa cin ko mega ɗaya.

Yadda yara tamanin za su ga abu ɗaya

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi.

Hanya mafi arha ita ce sauti. Ƙaramar sifika mai caji, wadda ake haɗawa da Bluetooth, tana cika aji. Don darasin harshe, ko karatun labari, ko shifta, ba a bukatar hoto. Kana ma iya naɗar muryarka da dare kana karanta shiftar a tsanake, washegari ka kunna, kai kuma ka samu sararin zagayawa kana duba kayen yara. Ka gwada jin ta daga bencin ƙarshe kafin yara su shigo.

Ta biyu ita ce zagaye. Raba aji rukuni-rukuni na mutum takwas. Waya tana kan teburinka, an jingina ta da littafi. Kowane rukuni ya zo ya kalli minti biyu ya koma, sauran suna kan aikin da ka rubuta a tablo. Rukuni goma, minti biyu-biyu da tashi da zama, ka ware rabin awa. Tana aiki, amma sai aikin tablo ya kasance mai riƙe su, in ba haka ba aji ya zama kasuwar Lahadi. Ka fara kiran rukunin baya, kuma ka lura da ƴan mata, don in an taru a kan ƙaramar fuska maza ne ke cusa kai gaba. Ni rukuninsu daban nake yi musu.

Ta uku ita ce majigi ko telebijin. Kafin ka sayi majigi ka san abu uku. Na ɗaya, lambar hasken da ke jikin kwali sau da yawa ado ce. Wadda ake dogara da ita ita ce mai ɗauke da kalmar ANSI. Babban majigin ofis yana kaiwa ANSI 3000, amma yana shan wat 250 zuwa 300, ƙaramin batir ba zai riƙe shi ba. Ƙananan na hannu suna tsakanin 100 da 300, suna shan wuta kaɗan, sai dai suna son duhu. Na biyu, yawancin ƙananan wayoyin da muke riƙewa ba sa fitar da hoto ta igiyar HDMI, ko da bakin cajin ya shiga daidai. Kada ka sayi igiya sai an gwada da wayarka. Mafita ita ce ka zuba bidiyo da hotuna a kile, wato filashin USB, ka soka wa majigin kai tsaye, ko ka nemi majigin da ke karɓar hoton fuskar waya ta iska. Gwajin PhET dai sai ta wannan hanya ta biyu, tunda da yatsa ake motsa shi. Na uku, duhu da zafi tare suke zuwa. In ka rufe tagogin ƙarfe a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, minti goma ne iyakar abin da yara za su jure. Saboda haka ka sa irin wannan darasi a awa ta farko da safe.

A ajin zana kada ka wahalar da kanka da ƙaramin majigi. Ka roƙi musayar aji na awa ɗaya da mai ajin siminti. In kuwa makaranta ce za ta saya, ni telebijin nake ba da shawara, mai inci 32, irin da ke aiki da bolt 12. Yana nunawa ko da rana, yana karanta kile, kuma mai gyaransa yana nan cikin gari. Majigin da ya lalace sai dai a kai Yamai ko a ajiye a kabad. Aibin telebijin ɗaya ne: na bencin ƙarshe ba sa iya karanta ƙananan rubutu, sai ka matso da su gaba su zauna a tabarma.

Lissafin wuta

Wannan lissafi ne da ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, zai iya. Duba bayan na'urar ka ga wat nawa take sha, ka ninka da awannin da za ta yi aiki. Telebijin mai wat 40, awa uku a yini, ya zama 120. Batir kuma ka ninka bolt da lambar Ah da ke jikinsa: bolt 12 sau 40 ya ba da 480. Amma batirin dalma, irin mai ruwa ko na jel, rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi shekaru, wato 240 ne naka. Ya ishi telebijin da cajin waya da sifika. Panno, wato faifan sola, mai wat 50, a ranar Tawa, yana iya mayar da kusan 200 a yini. In da hali a ɗauki mai wat 80 ko 100 saboda kwanakin hazo.

Tsakanin panno da batir dole a sa regilater, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir. Haɗa su kai tsaye yana dafa batir. Wajen haɗawa, batir ake fara ɗaurawa a regilater, sannan panno. Panno ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 15, daidai da inda garinmu yake a taswira. Da hunturu ƙura tana rufe shi cikin kwana biyu, sai a sa ɗalibi guda mai hankali ya riƙa share shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Batir a inuwa, a ƙasa, inda iska ke shiga. Waya ma kada a yi mata caji a rana ko a ƙarƙashin littattafai. In ka ga bayanta ya fara kumbura, daina amfani da ita.

Cikin aji

Bari in kawo darasi guda daga farko har ƙarshe, na ƙwan lantarki biyu.

Minti goma na farko waya tana aljihu. Na zana da'ira biyu a tablo. A ta farko ƙwai biyu suna jere a kan igiya ɗaya. A ta biyu kowane ƙwai yana da reshensa. Sai tambaya: "In na kwance ƙwai ɗaya a kowace da'ira, me zai sami ɗan'uwansa?" Ba na karɓar amsa da baki, don mutum biyar ɗin nan na gaba ne za su amsa. Kowa ya rubuta a ardwaz ko a bayan kaye, "ya mutu" ko "yana ci", in na buga tebur a ɗaga gaba ɗaya. Ana ta tallar manhajojin da ke tattara amsar ɗalibai nan take. Ɗaga ardwaz da aka koya mana a makarantar horon malamai ya riga su yin wannan aiki, kuma ba ya cin caji. Na ƙirga, na rubuta adadin kowane ɓangare a gefen tablo. Yanzu kowa yana da abin da zai ci ko ya faɗi, ido ya buɗe.

Sannan na kunna. Na ja batir da igiyoyi da ƙwai biyu da yatsa, na haɗa su a jere, ƴan ɗigon lantarki suka fara zagayawa. Ban kwance ƙwan da kaina ba. Na kira wata yarinya daga baya wadda ba ta cika magana ba. Ta tsaya tana kallon wayar, ta ce, "Mushe, in na taɓa ba za ta lalace ba?" Na ce taɓa. Ta cire, duka biyu suka mutu, ɗigon suka tsaya cak. Aka yi na mai rassa, ɗayan ya ci gaba da ci. Wani daga gefe ya ce, "Ashe shi ya sa in ƙwan zaure ya ƙone na ɗaki ba ya mutuwa." Wannan jimlar ita ce darasin, kuma ba daga bakina ta fito ba.

Akwai abin da za su roƙe ka: in aka haɗa kan batir da gindinsa da igiya ba tare da ƙwai ba, wuta tana kamawa a hoton. Nuna musu sau ɗaya, ka faɗi dalilin da ya sa ba a yin haka a gida, ka wuce. In ka biye musu awa za ta ƙare a kan gobara.

Daga nan a kashe na'ura. Kashewa sosai, don muddin fuska tana haske ba wanda zai kalli tablo. Sauran lokacin na zane ne da rubutu a kaye da bayani da bakinsu. In kana da batirin tocila biyu da ɗan ƙwai da guntun waya, ka bar su su haɗa na gaske a ƙarshe. Na kwaikwayo ba ya maye gurbin wanda aka riƙe a hannu.

Kullum ka shigo da shiri na biyu a takarda. Ranar da na'ura ta ƙi tashi, ka ba ta minti biyu, in ba ta tashi ba ka ɗauki alli.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ire-irensa sun yi yawa, har cikin WhatsApp akwai. Suna bukatar rezo, don haka aikin gida ne na malami, ba na aji ba. Inda suke rage wahala shi ne tsara atisaye. Amma sai ka yi musu bayani kamar yadda za ka yi wa sabon malamin da aka turo daga wata ƙasa: ajin, shekarun yara, abin da suka riga suka sani, da kayan misali. Ka ce a ba ka tambayoyi goma na kasafi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da tiyar hatsi da buhun albasar Galmi da kuɗin sefa, kuma a rubuta amsoshi daban. In ba ka faɗi haka ba, za a kawo maka tufa da jirgin ƙasa.

Sannan ka warware kowace tambaya da hannunka. Wata manhaja ta taɓa ba ni amsar da ba daidai ba, ta kuma jero hujjoji cikin natsuwa kamar mai gaskiya. Tarihin ƙasarmu da sunayen garuruwa da shekaru kuwa, kada ka karɓa sai ka duba littafi. Hausarsu tana da tsamin fassara, kuma sukan zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarka ka gyara da kanka. Sunan ɗalibi da makinsa da hotonsa kada su shiga cikinsu ko kaɗan.

Haka ma zauren WhatsApp na iyaye. Saƙon murya da Hausa, minti ɗaya, ya fi rubutu isa ga kowa: gobe akwai jarrabawa, a bar yara su yi bita. Amma kada ka ba da aikin gidan da sai mai waya zai iya yi, kuma kada ka sa hoton yaro, balle na yarinya, ba da yardar iyaye ba.

Ajiya

In kayan na makaranta ne, a sayi kaye guda: rana, sunan wanda ya ɗauka, abin da ya ɗauka har da igiya da rimot, da sa hannu. Igiya da rimot su ne ke fara ɓata. A rubuta a shafin farko, da sa hannun darakta da shugaban iyaye, cewa ba a kai telebijin gidan biki ko kallon ƙwallo, kuma ba a cajin wayoyin unguwa da batirin. In ba a rubuce yake ba, ranar da wani babba ya aiko aro ba za ka iya cewa a'a ba. Katin memori a yi masa kwafi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a ofishin darakta.

Ƙarshen Yuni, in za a tafi babban hutu, a naɗe telebijin da majigi cikin zane a sa a leda saboda ƙura da ɗigon damina, a ɗora su a sama, ba a ƙasa ba. A cire ƙananan batiran rimot don kada su yi ruwa. Babban batir kuwa ba a barinsa wata uku babu caji, zai mutu. Ko dai a bar shi haɗe da panno da regilater an cire duk abin da ke jan wuta, ko a damƙa wa mai gadi ya riƙa cika shi sau ɗaya a wata har a dawo a Oktoba.